Man da Muka Bi Har Gidan Suna

Ƙwam. Ƙarar da jarkar mai ta yi ke nan da na ƙwanƙwasa ta da bayan ludayi, wata safiya a gidanmu da ke unguwar Djamboutou a Garwa. Duk macen da ta taɓa riƙe madafa ta san ƙarar jarkar da ba komai a cikinta. Na riga na yanka albasa, tukunya tana kan wuta, ga shi babu ko ɗigon mai a gidan mutanen da sana'arsu ke nan, matsar man gyaɗa.

Na leƙa na ce wa maigidana, "Malam, man ya ƙare."

Ya ce, "Wannan ai ba matsala ba ce." Ya ɗauki waya ya kira wurin injin, aka ce masa na jiya an kwashe an kai magaze, wato ɗakin ajiyarmu na bakin kasuwa. Ya kira magaze, aka ce ai mota ta ɗauka tun da asuba. Ya kira direba, direba ya ce ya kusa Marwa. Da aka kira shagonmu na Dougoï a can Marwa, sai suka ce su ba su nemi mai ba, nasu ma wurin ajiye shi suke nema. A ƙarshe wurin maƙwabciyata na aro ludayi biyu, ita kuma a wurinmu ta saya.

Da muka zauna cin abinci na ce masa, "Ni da ɗan ɗakin ajiyata na san abin da ke cikin kowane buhu da kowace randa. Ku kuna da inji da mota da shago a garuruwa biyu, amma ba mai iya faɗin inda manku yake." Wasa na yi. Shi kuwa ya kwashe maganar ya kai wa yayansa, Alhaji Garba, wanda shi ne babba a kamfanin. Kakansu daga ƙasar Kano ya zo Garwa da fataucin goro da tufafi, Alhaji ne ya juya dukiyar gidan zuwa man gyaɗa. Ashe ya daɗe yana jin labarin wata manhajar kwamfuta a wurin abokan cinikinsa na Duwala. Abin da ya rasa shi ne wanda zai zauna mata, mai karanta Faransanci, wanda ba ya gajiya da ƙananan abubuwa. Ni kuma na yi lise, wato sakandaren Faransanci, har aji na kusa da ƙarshe kafin aure. Alhaji ya ce wa ƙanensa, "Wadda ta yi maganar ita za ta riƙe. In kana so ta yi daga ɗakinta, a kai mata na'urar ɗakinta."

Ku 'ya'yana da makarantu suke turo mana ku horo, na san abin da kuke faɗa in na ba da baya. Kuna ganin Hajiya zaune da kofin shayi tana danne-danne, kuna cewa a mako ɗaya za ku iya. Danne-dannen kam ko a yini ɗaya ma za ku iya. Bari in gaya muku sauran.

Manhajar nan masu ita suna kiranta ERP, mu nan lojisiyel muke cewa, ma'aikata kuma suka gajarta ta zuwa Malam Loji. Aikinta ɗaya ne: ta tara saye, da ajiya, da matsa, da sayarwa, da motoci, da ma'aikata, da lissafi a wuri guda, kowa ya rubuta nasa, kowa ya ga na kowa. In Buba mai yi mana saye ya auna gyaɗa a kasuwar Pitowa ya shigar ta wayarsa, nan take mai magaze ya san kaya na tafe ya gyara wuri, mai inji ya san abin da zai matsa gobe, mai lissafi ya ga abin da ya fita. In an sayar da jarka a Marwa, ina zaune a Garwa zan ga ta ragu. Kuma kowane lodi na gyaɗa yana samun lamba tun daga kasuwa. Lambar nan tana binsa daga buhu zuwa inji, daga inji zuwa tanki, daga tanki zuwa takardar da ake mannawa a jikin jarka, har da tunkuzar da ta rage bayan an matse mai. Amma Malam Loji ba shi da ido, ba shi da hanci. Abin da aka gaya masa shi ya sani. In an yi masa ƙarya zai riƙe ta da aminci, ya raba wa kowa.

Kayan aikina ba su da yawa. Kwamfuta, da batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, da ɗan akwatin intanet da nake ratayawa a taga don nan ne ya fi kamawa. Sai sikeli, wanda ba a ɗakina yake ba amma duk aikina a kansa ya dogara, shi ya sa nake sa a gwada shi da dutsen awo kowace Asabar. Sai takalmin roba na shiga wurin inji. Wannan na ƙarshe malamata ce ta sa na saya.

Madam Solanj sunanta, mutuniyar kudu ce, Kirista, kamfanin da ya sayar mana da manhajar ne ya turo ta. Ranar farko ta shigo falona ta tuɓe takalmi, ta dubi kwamfutar da aka jera mini a kan tebur har da ɗan ƙyalle na rufe ta, ta ce, "Ma sœur, 'yar'uwata, wannan ta jira. Sa mayafinki." Ta kai ni wurin inji ta nuna mini buhu ɗaya ta ce in bi shi. Na bi shi wurin matan da ke tsince tsakuwa da ruɓaɓɓun ƙwayoyi, na bi shi wurin suya, na tsaya a zafin inji har mai ya fara tsiyaya, na ga an tace an zuba a tanki. Na koma gida hijabina yana ƙamshin ƙuli. Sai da na yi haka sau da yawa kafin ta bar ni na taɓa maɓalli. Ta ce duk wanda bai san yadda buhu yake zama mai ba, in lamba ta yi masa ƙarya ba zai gane ba. Mace ce mai tsanani, ba ta yaba wa mutum. Amma in an kira salla ita ce ke rufe kwamfutar ta ce, "Tashi, Allahnki yana jira, ni zan riƙe miki jaririyar."

Aikin da na fara yi ni kaɗai shi ne shigar da sunayen masu sayen manmu. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne. Mafi yawansu mata ne masu suyar ƙosai da waina da makala, wato fanke, a bakin titi, kuma rabinsu Aisatu ne, sauran Hadiza. Manhajar tana neman suna da sunan iyali da adireshi. Ka tambayi Bafulatana sunan mijinta sai ta rufe baki da mayafi tana dariya. Ka tambaye ta lambar gida sai ta ce kowa ya san gidan. Madam Solanj ta ce a bar wuraren a buɗe. Ni kuma na ga in aka bar su a buɗe an tara Aisatu barkatai ba a san wace ce wace ba. Sai na riƙa rubuta kowace da inda kaskonta yake. Aisatu mai kasko bakin gada. Hadiza ta ƙofar asibiti, ɓangaren masu lemo. Iya Mairo, gindin dalbejiya, ƙofar firamare. Samarin ofis sun yi ta dariya, suka ce na mai da lojisiyel ɗin Turawa hirar mata. Na bar su suna yi.

Wurin cika jarka ne na sha wuya. Shugabar matan wurin, Dada Habiba, ta girme ni nesa, tana aikin tun ina 'yar makaranta. Suna da wata al'ada da suke kira ciko. In tanki ya ƙare jarka ba ta cika ba, ba a barinta da rabi, sai a jawo ta zuwa tanki na gaba a cika ta. A wurinsu wannan gaskiya ce da tsoron Allah, kada mai saye ya tafi da tauyayyen mudu. Ni kuma abin da na gani shi ne jarka ɗaya ta ɗauki man lodi biyu, takardar jikinta kuwa lamba ɗaya take faɗa. Na roƙi Madam Solanj ta buɗe mana wuri a manhajar na rubuta ciko, ta buɗe. Sai ya rage a shawo kan Dada.

Ta ce mini da ɗan Fillancinta, "Ɓingel am, 'yata, mai ai mai ne. Na tankin dama da na tankin hagu uwarsu ɗaya."

Na ce, "Dada, uwarsu ɗaya, amma ba gona ɗaya suka fito ba."

"To Malam Loji naku shi zai sha man? Hannuna duk maiƙo, in tsaya ina lallashin waya?"

Muka daidaita a kan alli. Duk jarkar da aka yi wa ciko za ta ja mata layi a wuya, ta faɗa wa yarinyar da ke riƙe wayar wurin daga wane tanki aka ƙara. Ta yarda, amma ta raɗa mini suna Hajiya Ciko, har direbobi suka ɗauka. In na shigo sai ta ɗaga murya ta ce wa mata, "Ku gyara, ga mai ƙirga ɗigo ta iso." Da gunaguni take yi, amma ban taɓa kama ta ta tsallake ko ɗaya ba. Ita in ta ce to, ta gama magana.

Shekarun da suka biyo baya mun ga amfanin abin. Mota ta daina tafiya Marwa da kayan da ba a nema ba. Muka gane watannin da gyaɗar Pitowa ta fi ba da mai, muka riƙa saye a lokacin. Kafin azumi manhajar takan nuna mana abin da aka sha bara, mu fara tarawa da wuri, masu ƙosai ba sa zuwa su tarar da layi. Har ranar da za a canza bel ɗin inji tana tunawa, ba sai ya tsinke ana tsakiyar aiki ba. Alhaji da ya ce shi ba zai taɓa kwamfuta ba, sai ga shi bayan sallar asuba yana sa tabarau yana duba wayarsa. Ni kuwa ina ɗakina, in ɗora tukunya in duba saye, in sauke in duba ajiya, yara su dawo makaranta su tarar da ni.

Sai muguwar shekara ta zo. Ita ce shekarar da hanyar arewa ta zama abin tsoro, iyaka ta ƙi ratsuwa, damina kuma ta yi gardama. Gyaɗa ta yi wuya. Buba ya riƙa saye wurin dillalan da bai saba da su ba, don kada inji ya tsaya.

Wata Laraba da hantsi Malam Jauro, mai kiwon raguna da ke sayen tunkuzarmu, ya zo wurin inji a kan babur ko hula babu. Ragunansa sun kwanta suna kumfa. Maigidana ya bi shi, ya fasa tunkuzar ya shinshina, ya kira ni ya karanta mini lambar da ke jikin buhun. Na buga ta, ta kai ni kan wani lodi da aka sayo a Pitowa wurin sabon dillali. Buba ya bi sawu ta waya. Ashe gyaɗar iri ce da wasu manoma suka ajiye don shuka, suka yayyafa mata maganin ƙwarin auduga don kada ƙwaro ya ci, kamar yadda wasu ke yi a ƙasar auduga. Da yunwa ta matsa suka shanya ta a rana, suka canza buhu, suka kai kasuwa. Ƙamshin suya ya rufe sauran warin. An matse ta, man ya shiga jarkoki, wasu sun riga sun fita.

Na sa takalmin roba na tafi. Na tarar da su a ofishin Alhaji. Isiyaku, ɗan ƙanwar su Alhaji da ke kula da sayarwa, yana cewa, "Kawu, a bi a hankali. Wutar suya tana kashe komai. In maganar nan ta fita mun gama."

Alhaji ya dube shi ya ce, "In kawo maka jarka ɗaya a soya wa 'ya'yanka?"

Isiyaku ya sunkuyar da kai.

Alhaji ya ce shi gidan rediyo zai tafi, ya ce duk mai man kamfaninmu ya zubar, a rufe inji. Kowa a ɗakin ya san in aka yi haka a irin wannan shekara ba za a sake buɗewa ba, matan tsinta da na ciko kowace ta koma gida. Na ce, "Yaya Alhaji, ba duka man ne ya ɓaci ba. Lodi ɗaya ne, kuma ina iya nuna inda kowace jarkarsa take."

Ya ce, "Kowace?"

Na ce, "In Allah ya yarda."

Ya dube ni ya ce, "Maman Sadiya, masu ƙosai da la'asar suke ɗora kasko. In aka kira la'asar akwai jarka ɗaya da ba ta dawo ba, da ƙafata zan je rediyo."

Na zauna a kwamfutar ofis na buɗe lambar. Mafi yawan jarkokin suna magaze ba a taɓa su ba, aka ja musu igiya. Wasu suna cikin mota a hanyar Marwa, aka kira direba ya juyo daga Figil. Sauran suna hannun masu suya, kuma a nan ne hirar matan da aka yi wa dariya ta yi rana. Muka tara masu babur, kowanne aka ɗaura masa jarka mai kyau, na riƙa karanta musu: kai bakin gada, kai ƙofar asibiti ɓangaren masu lemo, kai bayan tashar Pitowa. Ba wanda ya tsaya tambayar hanya. A ba ta mai kyau, a karɓo waccan, a gaya mata gaskiya. Wasu sun yi faɗa, wasu sun yi addu'a, wata ta ce a ƙara mata da kuɗin babur tunda an tsorata ta. Kafin azahar jarkoki sun fara dawowa, ina cire su ɗaya bayan ɗaya.

Ina cikin haka Dada Habiba ta tsaya a ƙofa tana goge hannu da zane. Ta ce, "Hajiya Ciko, kin duba naki?"

Na ce, "Yanzu zan shiga, Dada."

"To shiga. Ranar nan na ja alli sau biyu daga tankin hagu."

Haka ne kuwa. Jarka biyu ne masu lambar lodi mai kyau a jiki, amma an cika su daga tankin da ya ɓaci. Da ba a rubuta ba, da mun tattara namu mun yi hamdala, su kuma suna can suna jiran kasko. Ɗaya tana shagon Dougoï, aka kira aka ce a ware ta. Ɗayar an sayar wa Iya Mairo, gindin dalbejiya, ƙofar firamare.

Mai babur ya je ya dawo da jarkar da aka ba shi. Ya ce ba kasko a gindin dalbejiya, maƙwabta sun ce an ɗauke ta suyar yinin suna a wani gida bayan masallacin Juma'a. Ya je ƙofar gidan, gidan ba shiga ne, ya aika ciki, aka dawo aka ce masa Iya ta duba lambar jarkarta, ba ta cikin waɗanda ake nema, kada a dame ta. Gaskiyarta, takardar jikin jarkar lafiya lau take faɗa.

Maigidana ya ɗauke ni a mota, ya tsaya a waje, na shiga da sallama. Tsakar gida cike da mata, ana ta guɗa da raha, mai jego tana ɗaki. Can gefen murhu na hango Iya Mairo, doguwa, ta ɗaure ɗankwali tamau, kasko yana ƙara, ta tsame kashin farko ta zuba a matsami. Jarkar tana gefenta da layin allin Dada a wuya.

Na durƙusa kusa da ita na gaishe ta, na yi ƙasa da murya na ce, "Iya, don Allah kada kowa ya ci wannan. Man nan akwai magani a ciki."

Ta ce, "Na gaya wa yaronku lambata mai kyau ce."

Na ce, "Lambar mai kyau ce, Iya. Ciko aka yi mata daga wanda ya ɓaci. Ga allin nan."

Ita ba ta iya ƙasa da murya ba. Ta miƙe ta ce, "Yau shekara nawa ina sayen manku? Sai yau da aka ɗauke ni aiki gidan mutane za ki shigo ki ce ina soya musu guba?"

Guɗa ta tsaya. Mata suka juyo. Wata ta janye ɗanta daga kusa da matsamin. Na miƙe na ce wa matan, "Ba laifin Iya ba ne ko kaɗan. Daga wurinmu ne, mu muka sayar mata, shi ya sa na biyo shi." Kakar jaririn, wata tsohuwa mai carbi a hannu, ta taso ta dubi kaskon ta dube ni, ta ce, "An ci?" Iya ta ce ko ɗanɗanawa ba ta kai ga yi ba. Tsohuwar ta ce, "To Alhamdu lillahi. A sauke."

Aka juye man mai zafi a bokitin ƙarfe, aka haɗa da ƙosan da aka tsame, aka wanke kasko da toka da sabulu har sau uku. Na sa aka shigo da jarka mai kyau daga mota. Iya Mairo ta ture ta da ƙafa. Ta kwance bakin zaninta ta ba wata yarinya kuɗi ta ce ta sayo mata man kanti. Ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, "Ki kwashe kayanki. Ni da manku har abada." Na kwashe. Muna isa ƙofar inji da bokiti da jarka ana kiran la'asar. Alhaji yana tsaye da makullin motarsa a hannu. Ya dubi allin, ya mai da makullin aljihu, ya ce a shimfiɗa tabarma a yi salla.

Washegari shi da kansa ya je ya kira jami'an tsabta na gari. Suka zo da shirin rufe wuri. Na buɗe musu lambar tun daga sikelin Pitowa har zuwa gidan suna, suka je suka duba jarkokin da aka ja wa igiya, suka ga sun yi daidai da abin da ke allo. Babbansu ya ce a lalata man a gabansu, a wanke tankin hagu da injin, za su dawo su duba. Suka dawo suka duba, aiki ya ci gaba. Ba mace ɗaya da ta koma gida. Alhaji ya biya Malam Jauro kuɗin ragunansa. Muka ƙara wa manhajar tambaya a wurin saye: wa ya ajiye gyaɗar, da me ya ajiye ta, wa ya fasa ya shinshina kafin a auna. Buba har yau hancinsa yake fara sawa a buhu kafin sikeli.

Makonnin farko ciniki ya ja baya, gari ya ɗauka. Sai maganar ta juya da kanta a bakin matan da suka halarci sunan nan. Aka daina cewa masu man da ya ɓaci, aka koma cewa mutanen da ke bin mansu har cikin gida. Wata makarantar kwana da muka daɗe muna nema ta aiko da kanta, mai kula da abincinta ya ce yana son man da in wani abu ya faru za a san inda aka nufa. Madam Solanj ta ji labari daga Duwala ta kira ni. Ta ce, "Ma sœur, wa ya koya miki?" Na ce ita da Dada Habiba. Ta yi dariya ta ce in gaishe da mai alli. Iyakar yabon da na taɓa samu a wurinta ke nan, kuma ya ishe ni.

Don haka in na tsare ku a kan abin da kuke gani ƙarami, in na ce ku koma ku tambayi daga wane tanki, ku tashi ku je da ƙafarku ku gani, kada ku ce Hajiya ta cika fitina. Duk layin da ke allon nan akwai kaskon wata a ƙarshensa, akwai waɗanda za su zauna su ci.

Masu suya duk sun dawo, ban da Iya Mairo. Manhajar tana da wurin da take jera waɗanda suka daɗe ba su saya ba, kullum in na buɗe sunanta ne a sama. Isiyaku ya ce a goge, na ce a bar shi. Na aika mata gaisuwa da salla, ba ta amsa ba. In mun wuce ƙofar firamare a mota nakan hango ta a gindin dalbejiya tana juya ƙosai, ban taɓa cewa a tsaya ba.

Bayan damina ta zagayo, wata safiya ina shanya wanki aka yi sallama. Wata 'yar yarinya ce da kayan makaranta, ta riƙo kwano da murfi da hannu biyu, gefen bakinta duk maiƙo. Na ce, "'Yar wa ce?" Ta ce jikar Iya Mairo ce. Na karɓi kwanon na buɗe, ƙosai ne masu zafi, an barbaɗa yaji a gefe. Na ce ta shigo ta sha ruwa. Ta ce za ta makara. Ta kai bakin ƙofa, sai ta juyo kamar ta tuna saƙo.

"Iya ta ce ki ci, da manku aka soya. Kuma ta ce kada in gaya miki Ladi mai waina ce take sayo mata a ɓoye."